MOTAR LANTARKI: A GONAR WA TAKE KIWO?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, zancen abin hawa ya shiga kowace hira. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin ɗauko buhun masara daga gona ya hau, kuɗin kai mara lafiya asibiti ma ya hau. Cikin wannan hali ne jama'a suka fara jin labarin motar lantarki, wadda ba ta shan mai, ba ta yin hayaƙi, sai dai a yi mata caji kamar wayar hannu. A shekarar 2024 kaɗai an sayar da irinta fiye da miliyan 17 a duniya, in aka haɗa da waɗanda ake yi wa caji amma suna shan mai kuma, watau mota ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar.

Waɗansu suna cewa ita ce maganin tsadar mai da ɓacin yanayi gaba ɗaya. Waɗansu kuma suna cewa ruɗi ne kawai, wai ɓarnarta ta fi ta motar fetur. Mu dai ga abin da muka gani. Motar lantarki ta fi ta fetur sauƙin ɓarna, amma ba kyauta take zuwa ba. Akwai masu biyan kuɗinta da gonarsu da ruwan shansu, kuma yawancinsu mutanen karkara ne irinmu, waɗanda ba za su taɓa hawanta ba.

Manomi in zai sayi san huɗa, ba ya tsayawa ga ƙiba da kyan ƙaho. Yakan tambayi inda aka yi kiwonsa, da abin da yake ci, da aikin da zai iya, da abin da za a yi da shi ranar da ya tsufa. To, bari mu yi wa mota waɗannan tambayoyi huɗu.

DAGA INA TA FITO?

Ƙarfin motar lantarki duka yana cikin batir. Ba irin ƙaramin nan da yake tayar da inji ba. Wannan a shimfiɗe yake ƙarƙashin motar, nauyinsa yakan kai kilo 300 zuwa 500, kamar buhun masara uku zuwa biyar ke nan. Da ma'adinai ake yinsa: litiyam, nikel, kobalt, jan ƙarfe da sauransu. Hukumar Makamashi ta Duniya ta lissafta a 2021 cewa motar lantarki tana bukatar irin waɗannan ma'adinai wajen ninki shida na abin da motar fetur take bukata. Dukansu kuwa haƙo su ake yi daga ƙasa.

Wajen kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, musamman yankin garin Kolwezi. Ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoto a 2016 kan yaran da suke aiki a wuraren haƙar. A 2023 ta sāke ba da wani kan mutanen da aka tasa daga gidajensu da gonakinsu domin a faɗaɗa ramuka. A ƙasar Chile, cikin hamadar Atakama, ana zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi cikin manyan tafkuna wata da watanni kafin a sami litiyam, mazauna wurin kuwa suna kukan ruwa. Indunusiya ita take ba da fiye da rabin nikel na duniya. Can ana sare daji domin haƙa, ana kuma ƙona kwal domin narkar da shi.

Gaskiya ne kamfanoni da yawa, musamman na ƙasar Sin, sun koma wani irin batir da ba ya bukatar kobalt ko nikel. Wannan ci gaba ne. Amma shi ma sai da litiyam.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe fetur ya fi. Shi ma fetur daga ƙasar waɗansu yake fitowa. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956, masunta da manoman Neja Delta suke shan wahalar malalar mai. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2011 tsabtace ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ga kuma wani bambanci babba. Ma'adinan batir sau ɗaya ake haƙo su domin mota guda. Fetur kuwa kullum sai an haƙo sabo, an ƙone shi ya bi iska. Motar da take shan lita 8 a kilomita 100, in ta yi tafiyar kilomita 200,000 a rayuwarta, ta sha lita 16,000, watau duro 80. Kowace lita kuma tana sakin wajen kilo 2.3 na iskar kabon, wadda take ƙara ɗumamar yanayi. A haɗa duka, ya kusa tan 37. Mu da muke ganin yadda damina take rikicewa, ambaliya a nan, fari a can, ba za mu ce wannan ba ruwanmu ba.

ME TAKE CI?

Ranar da motar lantarki ta fito daga masana'anta, bashin ɓarnar da ke kanta ya fi na motar fetur, saboda batirin nan. Tana biyan bashin ne a hankali, da kowace tafiya da ta yi ba tare da ƙona mai ba. Saurin biyan kuwa ya dangana ga inda wutar cajin take fitowa.

Wata cibiyar bincike kan sufuri mai suna ICCT ta yi lissafi a 2021, tun daga ƙera mota har mutuwarta. Ta tarar a Turai motar lantarki tana rage iskar kabon da kashi 66 zuwa 69 cikin 100 in aka gwada ta da ta fetur. A ƙasar Sin ragin kashi 37 zuwa 45 ne. A Indiya, inda yawancin wutar daga kwal take, kashi 19 zuwa 34 ne kawai. Mota iri ɗaya ce, abincin ne ya bambanta.

Shi ya sa abin ya karɓi ƙasar Norwe, inda kusan dukan wutarsu daga madatsun ruwa take. A 2024 kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka saya can ta lantarki ce. Habasha ma, wadda wutarta ta ruwa ce, ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, ko da yake ƙauyukanta da yawa ba su sami wutar ba tukuna.

Mu fa? Mutum fiye da miliyan 200 suna raba wutar da ba ta cika wuce megawat 5,000 ba. Yawancinta da iskar gas ake samarwa, sauran daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru. In akwai ta, ba laifi a yi caji da ita. Amma kowa ya san abin da ake yi in an ɗauke wuta: a tayar da janareta. Bari mu yi lissafi. Motar lantarki tana bukatar wajen yunit 15 zuwa 20 na wuta domin tafiyar kilomita 100, irin yunit ɗin da mita take ƙirgawa. Ƙaramin janareta yakan sha rabin lita ko fiye kafin ya ba da yunit ɗaya. Ke nan lita 8 zuwa 10 za a ƙone, daidai da abin da motar fetur za ta sha, ko ma fiye. An gudu ba a tsira ba. Hayaƙin ya bar salansa ne kawai ya koma bayan ɗaki, inda yara suke wasa.

Abin da muke da shi a wadace rana ce. Allon sola guda mai wat 300 yakan ba da fiye da yunit ɗaya a yini a ƙasarmu. Domin babbar mota, sai an jera alluna da yawa, kuɗin kuwa ba kaɗan ba. Domin ƙaramin abin hawa, lissafin dabam ne. Wannan ya kawo mu tambaya ta uku.

WANE AIKI TAKE YI?

Babu mai ɗaura wa shanu biyu garma domin ya nome fangalin albasa ɗaya. Amma haka ake yi da mota. Ƙarfe mai nauyin tan biyu yana ɗauke da mutum guda mai kilo 70. Ko da fetur take tafiya ko da batir, yawancin ƙarfin a kan ɗaukar motar kanta yake ƙarewa. Babbar motar lantarki tana bukatar babban batir, babban batir kuwa babban rami yake bukata. Bas mai ɗaukar mutum 14 da ke zuwa kasuwa, ko da tsohuwa ce mai shan mai, in aka raba man a kan kowane fasinja, ba ta kai ɓarnar wanda ya shiga ƙatuwar mota shi kaɗai ba.

Inda lantarki ya fi dacewa da mu shi ne babur, da keke mai ƙafa uku, da ƙananan bas. Babur na lantarki yana tafiyar kilomita 100 da yunit 3 zuwa 4 kawai. Allon sola uku sun isa su cika batirinsa a yini. Ma'adinan da za a yi batirin babbar mota ɗaya da su sun isa babura fiye da goma. A Kigali, babban birnin Ruwanda, 'yan acaɓa ba sa zaman jiran caji. Sukan je tasha su ajiye batirin da ya ƙare, su ɗauki cikakke, cikin 'yan mintoci su wuce. Daga Janairu 2025 gwamnatin ƙasar ta daina yi wa sabon babur mai shan fetur rajistar acaɓa a birnin. A nan gida ma, a Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir da ake cajinsa da hasken rana.

Kada kuma mu rena abin da muke da shi tun dā. Keke ba ya shan mai, ba ya shan wuta. Jaki da amalanken shanu suna kwaso amfani daga gona, su ci kara da harawa, su bar mana taki. Domin tafiya tsakanin gida da gona da kasuwar kusa, har yau babu kamarsu. Amma ba za mu ruɗi kanmu ba. Mace mai naƙuda da dare, asibiti yana da nisan kilomita 40, ba amalanke take bukata ba. Tumatirin da zai ruɓe cikin kwana biyu ma haka. Mota tana da ranarta. Abin nufi shi ne kowane kaya a ba shi abin hawan da ya yi daidai da shi.

INA ZA TA IN TA TSUFA?

Amsar wannan mun san ta, gama wurinmu tsofaffin motocin duniya suke ƙarewa. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, mafi yawansu zuwa ƙasashe matalauta, Afirka kuwa ita ce kan gaba wajen karɓa. Motocin lantarkin da ake hawa a can yau, su ne tokumbon gobe. Kamfanoni da yawa suna ba da tabbacin batir na shekara 8 ne. Wanda ya sayi mota 'yar shekara goma ba tare da an auna masa lafiyar batirin ba, ya yi cinikin biri a sama, gama batirin shi ne abu mafi tsada a jikinta.

Batirin litiyam ana iya sāke narkar da shi a fitar da ma'adinan, amma manyan masana'antun da suke wannan aiki suna ƙasar Sin da Turai da Amurka. In an huda shi ko an bar shi cikin zafi mai tsanani yakan kama wuta, wutar kuma tana da wuyar kashewa.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne batirin dalma, irin na motoci, wanda ake sa wa waɗansu kekunan lantarki masu araha da kuma sola ta gida. Ba ya daɗewa. In ya mutu, 'yan gwangwan sukan fasa shi da gatari, su zubar da ruwan a ƙasa, su narkar da dalmar a fili. Mun san aikin dalma. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Can daga dutse ta fito, nan daga batir, amma gubar ɗaya ce. Wanda ta bari da rai ma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

HAƘAR TA ISO ƘOFAR GIDA

Labarin Kwango da Chile ba na nesa ba ne yanzu. An sami litiyam a jihohin Nasarawa, Kaduna, Kwara da Kogi. A watan Mayu 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa. A ƙarshen wannan shekara kuma 'yan jarida suka tarar da yara ƙanana suna tsintar duwatsu a wuraren haƙa marasa izini a jihar, maimakon su je makaranta.

Wanda yake so ya ga ƙarshen irin wannan, ya je Bukuru ko Barkin Ladi. Kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza a ƙasar Jos tun farkon shekarun 1900. Kuzar ta tafi Ingila. Abin da aka bar wa masu ƙasa shi ne tuddan ƙasa mara amfani da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba ma so jikokinmu su gāji ramukan litiyam yadda aka gāji na kuza, domin iskar biranen waɗansu ta yi tsabta.

Ba muna cewa kada a haƙa ba. Arzikin ƙasa ne, samarinmu kuwa suna neman aiki. Amma dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ce kafin kamfani ya fara haƙa, sai ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin. Ta kuma wajabta biyan diyya da gyara wurin bayan an gama. Dokar da jama'a ba su san da ita ba, kamar babu ita ne.

ABIN DA ZA MU YI

1. Mu kula da abin hawan da ke hannunmu. A yi juye kan lokaci, a wanke matatar iska, a duba iskar taya, a daina lodin da ya fi ƙarfi da gudun banza. Babur ko motar da aka kula da ita tana rage shan mai da hayaƙi, tana kuma daɗewa. Duk shekarar da ta ƙara, an jinkirta ƙera wata.

2. Mu haɗa kai. Manoma biyar da za su ɗauki acaɓa biyar ranar kasuwa, gara su haɗa kayansu a a-kori-kura ɗaya. Ƙungiyar gama kai tana iya sayen keke mai ƙafa uku guda ɗaya da allunan sola, ya yi jigilar amfanin gona da rana, ya zauna a shirye domin mara lafiya da dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Wanda zai sayi na lantarki, ya fara da ƙarami, ya kuma yi tambaya kafin ya biya. Batirin na dalma ne ko na litiyam? Shekararsa nawa? Nawa ne sabo? Akwai makanike kusa da ya iya gyara? Da wace wuta za a yi caji? Wa zai karɓi tsohon? In amsar caji janareta ce, a dakata tukuna.

4. Kada a fasa mataccen batir a gida. Kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya ko lambu. Kada a narkar da dalma a tukunyar abinci ko a inda yara suke. A mayar da shi ga dillalin da ya sayar, ba a fashe ba.

5. In masu haƙa suka zo, kada kowa ya sa hannu shi kaɗai a ɓoye. A tara mai unguwa da dagaci da dattawa da mata da samari. A nemi ganin takardar izini. A rubuta yarjejeniya: ƙasar sama mai taki a ajiye ta gefe, ramuka a cike su, rafi da rijiyoyi a kiyaye su, yara kuma kada su shiga wurin. Kuɗin da aka karɓa yau zai ƙare, ramin kuwa yana nan.

Ga hukuma kuma muna roƙo abu uku. A sa doka kada a shigo mana da motocin da batirinsu ya mutu. A tilasta wa duk mai sayar da batir ya karɓi tsohon. A gyara hanyoyin karkara, gama mummunar hanya tana ƙara shan mai, tana kashe kowane irin abin hawa kafin lokacinsa.

Motar lantarki tana zuwa, kuma muna maraba da ita. Sai dai duk wanda ya kawo mana tallarta, mu tambaye shi ramin da aka haƙo batirin, da wutar da za ta ci, da mutum nawa za ta ɗauka, da inda za a kai ta in ta mutu. Haka kuma duk wanda ya zo neman dutse a gonarmu, mu tambaye shi yadda zai bar mana gonar. A tattauna wannan a taron ƙungiya na wannan wata, a aiko mana da abin da aka shawarta.

Allah ya ba mu damina mai albarka.